Wa ya taɓa cin fiye da rabonsa? Neman Hausar "more than his fair share"

Jama'a, musamman masu fassara da ma'aikatan rediyo, ga wata magana da nake so mu raba gardama a kanta, domin ta daɗe tana yawo a labaran da ake juyowa daga Turanci. Bature kan ce "more than his fair share", ko "more than her share", mu kuma sai mu rubuta "fiye da rabonsa". Ni dai kunnena ya ƙi karɓar wannan Hausar.

Abu uku Baturen ya haɗa: kalmar fifiko "more than", da mallaka "his" ko "her" ko "my", sai ma'auni "share". Nauyin maganar duk yana wuyan mallakar nan. Da zarar ya ce "his", ya riga ya yanka wa mutumin wani gwargwado da ake ganin ya dace da shi, sannan ya ce abin da ya same shi ya haura wannan gwargwadon. Ba ya faɗin nawa ne, ba ya kuma gwada shi da wane ko wance. Da mudun kansa ake auna shi. Haka suke yi a "wise beyond her years", da "living beyond his means", da "punching above its weight" wanda suka ɗauko daga dambensu, inda ake haɗa 'yan dambe bisa nauyin jiki.

Wannan gini ba baƙonmu ba ne. Kullum muna cewa abu ya fi ƙarfina, wayon yaro ya fi shekarunsa, cin wane ya fi samunsa. Mu dai da aikatau muke kwatance: fi, wuce, zarce, ɗara, haura. Yarabawa ma haka suke yi da "ju", Turancin buroka kuma da "pass", shi ya sa ƙaramin janareto ya sami sunan "I pass my neighbour". Saboda haka ginin bai dame mu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar da za ta zauna a gurbin "share".

Rabo a bakin Bahaushe ba abin da mutane suka zauna suka ƙayyade ba ne. In ciniki ya wargaje, mai kaya ya naɗe hajarsa ya ce babu rabo. In amarya ta sami ciki, a ce ta sami rabo. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, mai rabon shan duka kuma ba ya jin bari. Duk abin da ya iso gare ka, daɗi ko wuya, isowarsa ita ce shaidar cewa rabonka ne. To ta ina mutum zai sami fiye da shi? Ranar da abin ya ƙaru, ai rabon ne ya ƙaru.

Ɗauki Haiti, ƙasar da jaridun Turanci ke yawan jifa da wannan jimla. Girgizar ƙasa ta ragargaza babban birninta Port-au-Prince a watan Janairun 2010, guguwar Matthew ta biyo baya a 2016, a watan Yulin 2021 aka kashe shugabanta Jovenel Moïse a gidansa, wata guda bayan nan wata girgizar ta auka wa kudancin ƙasar. Bature sai ya ce ƙasar "has had more than its fair share of disasters". Tausayi yake nufi. Amma ka buɗe rediyo ka ce Haiti ta sami fiye da rabonta na bala'i, ka ji abin da dattawan majalisa za su ce. Wani zai tambaye ka ko kai ne ka raba, wani kuma ya ce ka yi istigfari, domin maganar ta yi kama da ƙorafi a kan ƙaddara.

Da na kawo wannan hujja, wata Hajiya ta ƙi yarda. Ta ce: "Ɗana, ai muna cewa rabon gado, kuma muna cewa an ba kowa rabonsa. A nan ba mutane ne suka raba ba?" Gaskiyarki Hajiya. Inda aka zauna da malami aka fitar da tumunin takaba aka kasa saura, ana cewa rabo kuma kowa ya gane. Sai dai ko a can, in wani magaji ya yi babakere, abin da aka fi ji shi ne ya cinye kason 'yan'uwansa, ko ya ci haƙƙin marayu. Da an zo batun wuce iyaka, harshe da kansa yake kauce wa rabo ya koma kaso.

Kaso shi ne abin da hannun mutum ya kasa. Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san shi. Mutum goma sun haɗa kuɗi sun sayi sa, mahauci ya feɗe, an shimfiɗa buhuna, an yi kashi goma. Kowane kashi da tsokarsa, da ƙashinsa, da kitse, da ɗan yankin hanta da tumbi, ana ɗauke tsoka ɗaya daga wannan a ɗora wa wancan har ido ya gamsu. A nan in wani ya miƙa hannu kashi na biyu, kowa ya gani, kuma ana iya lissafa abin da ya ƙara. Wannan shi ne "fair share" na ainihi, kuma "fiye da kasonsa" ta zauna masa daram.

Don haka duk inda akwai lissafi, kaso za mu ce. A taron da ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi a Wales a 2014, ƙasashenta sun amince kowacce ta nufi kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan tsaro. Shekaru Donald Trump ya yi yana ƙorafin cewa ƙasashen Turai ba sa biyan "fair share". Hausarsa ba wuya: ba sa biyan kason da ya hau kansu, Amurka ce ke ɗaukar fiye da kasonta. Haka ma in 'yan siyasar Amurka irin su Bernie Sanders na cewa attajirai su biya harajin da ya hau kansu.

Saura wurin da babu lissafi, wato wahala, da aiki, da haɗama. Wani ƙanena ya kawo "wuce gona da iri". Ƙanena, wannan zargi ce ga wanda ya yi da kansa, Haiti kuwa ba ita ta kira girgizar ƙasa ba. "Ɗaukar Dala ba gammo" ma haka, mai ɗauka shi ya jawo. "Ya wuce kima" tana da kyau, kuma a kanun labarai ita zan zaɓa: bala'o'in da Haiti ta gani sun wuce kima. Illarta ɗaya, ta zubar da mallakar, alhali mallakar ce ran maganar.

Abin da na tsaya a kai shi ne "nasa da na wasu", a maimaita aikatau sau biyu. Haiti ta sha nata ta sha na wasu. Uwargida ta yi nata ta yi na wasu a hidimar bikin. Ciyaman ya ci nasa ya ci na wasu. Ku lura da abin da ya faru: Bature ya yi amfani da gajeruwar mallaka manne da suna, mu muka ɗauko doguwar mallaka, nasa da nata, muka yar da sunan gaba ɗaya, don haka rigimar rabo da kaso ma ba ta taso ba. Sannan aikatau ya yi wani aikin da Turancin ke bar wa mai sauraro ya lalubo. In an ce sha, tausayi ne. In an ce yi, yabo ne. In an ce ci, an zagi mutum ba tare da an ɗaga murya ba.

Akwai wani tarko da ke kama masu fassara da yawa. In Bature ya cire "more than" ya ce kamfani ko gari "has had its fair share of problems", ba yana nufin an yi masa adalci ba ne. Yana nufin ya ji jiki. Kada a rubuta "ya sami adalin kasonsa na matsaloli", wannan ba Hausa ba ce. A yanke rabin jimlarmu kawai: shi ma ya sha nasa, ita ma ta ga nata.

Sai sunan ginin kansa, saboda masu koyarwa a aji. Wani malamin Turanci ya ce a kira shi "fifikon mallaka". Allah gafarta Malam, ka faɗi wannan a ajin 'yan mata ka ga ko za a gama darasi. Da an ce mallaka, tunani gidan miji yake tafiya. "Haura-kaso" kuma ta yi ƙunci, tunda shekaru da samu da nauyin ɗan dambe ba kaso ba ne. Na zaɓi "zarce-gwargwado", domin gwargwado ya ɗauke su duka: gwargwadon shekarunta, gwargwadon samunsa, gwargwadon ƙarfinta. Suna ne na ginin, ba fassarar kowace jimla ba. "Wise beyond her years" zarce-gwargwado ce, amma ba za a ce ta yi hankalinta ta yi na wasu ba, hankalinta ya girmi shekarunta za a ce.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke juyowa daga Faransanci, "plus que sa part" irin wannan ginin ne sak. In akwai yadda kuke faɗinta a rediyo wanda ya fi "nasa da na wasu" daɗin baki, ku kawo mu ji.