Alƙalami mai shan tawada: wanne ya kamata in fara saya da ɗan kuɗin da nake da shi?

MalaminJSS

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar alƙalamin nan mai shan tawada, wanda wasu ke ce wa fawuntin. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare, kullum cikin rubutu nake, ga shirin darasi ga rajista ga makin littattafan yara, wlh wani lokaci kafin la'asar yatsana na tsakiya har ya yi kanta saboda danna biro, wuyan hannuna kuma ya riƙa zugi. Wani abokin aikina ya ba ni nasa na rubuta layi biyu kawai, sai na ji kamar alƙalamin ne ke tafiya da kansa, ko dannawa ban yi ba. Nasa ɗin tsaraba aka kawo masa daga waje, da na ji kuɗinsa na san ba layina ba ne. Abin da zan iya warewa bai wuce dubu 20 ba, har da tawada a ciki. Na duba intanet na ga sunaye barkatai, Jinhao, Preppy, Lamy, Pilot, kaina ya ɗaure. Wanne zan fara da shi wanda ba zai ba ni kunya ba? Kuma takardunmu kun san su, littafin nan mai sittin-sittin da yara ke saya, shin zai ɗauki irin wannan tawadar kuwa?

Ɗan_Fagge

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taimaka. Ka zo gidan sauƙi. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, don haka daga nan zan fara. Tawadar fawuntin ruwa ce tsararo, ba kamar ta biro mai maiƙo ba, to in ta hau takarda mara kauri sai ta bazu kamar an ɗiga ruwa a atamfa, ta kuma ɓullo ta bayan shafin. Maganin wannan shi ne siririn baki. Za ka ga ana rubuta EF ko F ko M ko B a jikin bakin, wato siriri sosai, siriri, matsakaici da mai kauri, kai dai ka tsaya a F, kada ka yarda a sayar maka da M balle B in dai littafin yara za ka riƙa maki. Sannan ka sani F ɗin Japan ya fi F ɗin Jamus siranta, wannan kowa ya tabbatar, kusan F na Lamy daidai yake da M na Pilot.

Shi ya sa ni kullum Platinum Preppy nake cewa sabon shiga ya ɗauka, mai lamba 03, wato mai bakin F. Ɗan Japan ne, kuɗinsa a waje bai kai dala 10 ba, jikinsa roba ce garai-garai kana hango tawadar da ta rage. Abin da ya sa nake ƙaunarsa murfinsa ne, akwai wani ɗan ƙaramin murfi a ciki mai sifirin da ke toshe iska, to ka san yadda hunturu yake mana a nan, komai bushewa yake har leɓe, amma nawa na taɓa mantawa da shi a durowa tun hutun Disamba sai bayan wata biyu na ɗauko, ina ɗora shi a takarda ya kama rubutu. Aibinsa ɗaya, robar murfin tana tsagewa in ana yawan yar da shi ko ana cusa shi a aljihun wando. In kuma ka samu Pilot Kakuno shi ma lafiya lau ne, don yara 'yan makaranta aka yi shi, har da 'yar fuska mai murmushi a bakin don ka gane gefen da zai kalli sama, amma rubutunsa ba na yara ba ne ko kaɗan.

Hajiya_MaiKanti

Ɗan_Fagge ka yi bayani mai kyau amma ka bar wa Malam rami a gaba. Preppy da ɗan bututun tawadarsa yake zuwa, katirij ɗin nan, kuma na kamfanin Platinum kaɗai ke shiga, na Pilot ma haka, na Lamy ma haka, kowa da nasa bakin. In ya ƙare a ina zai samu? Ni kayan rubutu nake sayarwa shekara da shekaru, ban taɓa ganin mai kawo mana katirij ɗin Platinum a sari ba, sai dai mutum ya yi oda ya zauna jiran sati uku. Malami mai maki kullum ai ba zai iya wannan jiran ba.

Ni dai shawarata Jinhao. Ɗan China ne, e na sani, amma yana zuwa da konbata a cikinsa, wato ɗan famfon da kake murɗawa ya zuƙo tawada daga kwalba, ka ga ka huta da neman katirij har abada. Sai dai ka kula wajen zaɓe, X450 da X750 ƙarfe ne, suna da kyau a ido kamar na manyan ma'aikata amma nauyi gare su, musamman X450, mai ciwon hannu bai kamata ya fara da shi ba. Ka nemi Jinhao 82, ƙarami ne mara nauyi. Gaskiyar da zan faɗa maka kuma ita ce ba duka suke fitowa daidai ba, cikin guda biyar kana iya samun ɗaya mai kartar takarda, don haka in a kanti za ka saya ka ce a ba ka ka tsoma a tawada ka gwada a gabansu, in ta intanet ne ka sayi biyu tunda kuɗinka zai kai.

Ɗan_Fagge

Hajiya gaskiyarki, na manta ban faɗa ba. Amma akwai dabara, ni sirinji nake amfani da shi. In katirij ya ƙare sai in ɗauraye shi da ruwa, in zuƙo tawada daga kwalba da sirinjin in ɗura masa, in mayar. Guda ɗaya yana yi mini zagaye da yawa kafin bakinsa ya saki. Konbatan Platinum akwai shi amma kuɗinsa ya kai na alƙalamin ko ya fi, shi ya sa ban damu da shi ba.

Tsohon_Akawu

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri kan yaran nan. Maganarku ta tuna mini da zamaninmu. Mu da alƙalamin kara muka fara a makarantar allo, da muka shiga boko aka ce sai mai shan tawada, kuma wanda talaka ke iya saya shi ne Hero, ɗan China mai murfin ƙarfe wanda bakinsa ke ɓoye sai ɗan tsinin kawai ke leƙowa. Kwaikwayon Parker 51 aka yi, wanda Amurkawa suka fitar a 1941, shi kuwa Parker na gaske sai a aljihun manyan ma'aikata muke hangensa. Har yanzu ana yin Hero 616, in ka kwance shi za ka ga 'yar jakar roba a cikin ƙarfe, ka tsoma bakin a kwalba ka matsa sau huɗu ko biyar ka saki a hankali. Siririn rubutu gare shi kuma yana jure takarda mara kyau, amma jabunsa sun yi yawa yanzu, ban ce ka fara da shi ba sai in wani wanda ya sani zai zaɓa maka.

Abin da ya sa na sa baki shi ne tawada. Ɗana, ko da wasa kada ka zuba tawadar allo a cikin alƙalamin nan. Tawadarmu ta gargajiya da gawayi ko baƙin tukunya ake yinta a haɗa da ƙaro, shi ƙaron nan shi ke kama allo, to in ya shiga siririyar hanyar da tawada ke bi a ƙarƙashin bakin ya bushe, shi ke nan ya toshe. Na ga jikana ya kashe sabon alƙalami da haka cikin kwana biyu. Haka tawadar hatimi ta ofis da ta firinta da ta masu zane, duk ba nasa ba ne. Ka nemi Parker Quink ko Pelikan 4001. Ita Pelikan ba ta cika kwarara ba, don haka ta fi dacewa da littafin yara. In rajista ce ko abin da za a ajiye shekaru, ka ɗauki shuɗi mai duhu wanda ya karkata ga baƙi, don shuɗin nan mai haske yana kwaranyewa in ruwa ya taɓa shi. Kwalba ɗaya za ta kai ka wata da watanni.

Sannan zafi. Iskar da ke cikin alƙalami tana kumbura in ta ji rana sai ta turo tawada waje. Wata Juma'a na bar nawa a kwance a gaban mota, na dawo daga masallaci na ɗauka na soke a aljihun farar shadda, kafin in isa gida tabo ya kai faɗin tafin hannu, rigar nan ba ta ƙara fita unguwa ba. Ka riƙa ajiye shi a tsaye bakinsa na kallon sama, kuma kada ka bari tawadar ta kusa ƙarewa lokacin bazara.

Injiniya_KD

Ni fa ina ganin gara a yi haƙuri a tara kuɗi a sayi Lamy Safari kawai, tun 1980 ake yinsa a Jamus, robarsa ko ta faɗi ba ta fashewa, wajen riƙonsa mai kusurwa uku ne yana koya wa yatsu zama daidai, bakinsa kuma zare shi ake yi a sa wani in ya lalace. Nawa ya shekara shida. Sai dai gaskiya ya kai wajen dala 30 kuma konbatansa daban ake saya, dubu 20 ba za ta kawo shi ba. Duk wanda ya ce zai ba ka sabon Safari a kuɗin Jinhao jabu ne, ni ma an taɓa yi mini a wani shagon intanet, sati ɗaya ya fara yoyo.

MalaminJSS

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba wlh da ba ka yi magana ba da tawadar allon zan fara gwadawa, don akwai ta a gida ta ƙannena. Injiniya, Lamy sai Allah ya hore nan gaba. Na yanke shawara zan ɗauki Jinhao 82 mai F kamar yadda Hajiya ta ce, da kwalbar Pelikan, in canji ya ragu in yi odar Preppy ɗaya in ware shi don jar tawadar maki in gwada dabarar sirinjin Ɗan_Fagge. Saura tambaya ɗaya, yaya ake wanke shi, kuma sau nawa?

Hajiya_MaiKanti

Ruwan sanyi zalla Malam, ban da ruwan zafi, ban da sifirit ko kananzir. Ka zuƙa da konbatan ka fesar, ka maimaita har ruwan ya fito fari tas, sai ka kifa bakin a kan tsumma ya kwana ya tsane. Sau ɗaya a wata ya isa, ko duk sanda za ka canza launin tawada. Sabon ma ka ɗauraye shi haka kafin ka fara zuba masa, wani lokaci akwai ɗan maiƙon masana'anta a ciki da ke sa ya riƙa yanke rubutu. Kuma ka ajiye biro ɗaya a tebur saboda masu zuwa aron abin sa hannu, wanda ya saba danna biro zai buɗe maka bakin nan ne a take.