Abin da na tsinta a hirar mu kan haɗa gem da koyar da shi

Jiya da daddare a Yelwa kusa da jami'ar ATBU a Bauchi muka daɗe muna hira da wani malami da yake haɗa gem kuma yake koyar da yara, nace bari in taƙaita muku saboda ƙannenmu masu sha'awar harkar.

Abin da ya fi nanatawa shi ne kar ka fara da kwamfuta, ka fara da takarda da tsakuwa. Yace ɗauki dara ka canza doka ɗaya kawai ka ba abokai su buga ka zauna kana kallo ba tare da kayi musu bayani ba, duk inda suka ruɗe to dokarka ce ke da gyara. Wallahi nan ya fi burge ni, don mu mun ɗauka sai ka iya kodin tukuna.

Maganar manhajar haɗa gem kuwa, wani ɗan uwa yace Godot kyauta ce kuma ba ta da nauyi ko tsohuwar laftof za ta ɗauka, wasu suka ce Unity ta fi darussa a YouTube. Aka ce a gama ƙaramin gem a ɗora a itch.io, shafin da masu haɗa gem ke ɗora aikinsu, a kuma shiga Global Game Jam, taron haɗa gem cikin ƴan kwanaki da ake yi duk watan Janairu.

Kan koyarwa malam yace albashi shi ke riƙe gida kafin gem ya fara kawo wani abu, amma makin takardun ɗalibai yana cin lokaci sosai, shi ya sa ya ware safiyar Asabar don nashi aikin kuma baya ɗaga waya sai azahar.