Mai Son Daji Ya Fara da Gida, ko Ya Tafi Kenya?

Kawu, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata, wanda tun yana sakandare ba ya barin hutu ya wuce bai hau duwatsun Kagoro ko ya leƙa ruwan Matsirga ba, ya karanta ilimin gandun daji, yanzu kuma ya karɓi aiki a Kenya na farfaɗo da wuraren kiwo da sasanta makiyaya da manoma. Ni dai a ganina kuskure ya yi, domin wanda gobara ke cin ɗakinsa ba ya ɗaukar bokiti ya nufi wata unguwa. Ga dajin Kamuku a Birnin Gwari da 'yan bindiga suka daɗe suna fakewa a ciki, ga na Afaka da masu gawayi ke ci kullum.

Malama, Unguwar Rimi: Kawu, a yi mini afuwa, amma ban gamsu ba. Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ne da ya tashi da son dazukan ƙasarsu, ya zo Nijar a 1981, ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa kututturan da manoman Maradi ke sassabewa duk shekara suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi su girma, abin da suke kira sassabin zamani, har kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Da an ce masa ya zauna a gida, da wa ya yi asara?

Baba, tsohon ma'aikacin gandun daji, Kawo: Malama, kin faɗi gaskiya, sai dai kin bar rabinta. Gawo bai tsaya a gonakin Maradi ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na jami'in da zai ci shi tara ba, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya taɓa rubuta irin wannan tara. Abin da nake shakka shi ne a ce itace na kawo zaman lafiya. Rikicin da na gani da idona a kan burtalin da aka nome ne, da mashayar da aka killace, da hukuncin da aka saya.

Malama: Baba, ai burtali da mashaya su ne muhallin. Saboda wannan alaƙa ta muhalli da zaman lafiya aka bai wa Wangari Maathai ta Kenya, mai fafutukar dashen itatuwa, kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Kuma daga nan Kaduna Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka je Kenya sulhu bayan rikicin zaɓen 2007.

Kawu: Madalla, kin kawo mini hujja da kanki. Tun 1995 suka fara aikinsu a nan gida, suka sasanta mutanen Yelwa da Shendam a Filato, sannan duniya ta neme su.

Baba: To Kawu, a amsa mini wannan kafin a ci gaba: da yaron ya zauna, wa zai ɗauke shi aiki, kuma wa zai raka shi cikin Kamuku ya auna itatuwa?