Batirin 'yar tirelata ba ya cika ko na wuni ina tuƙi, ina matsalar take?

Bakatsine_Hilux:

Slm 'yan uwa. Dan Allah masana wutar mota ku taimaka. Ina da Hilux 2012 da wata 'yar tirela mai taya biyu da aka ƙera min a wajen masu walda, ita nake ja in za mu shiga daji wajen Serti ko mu haura Mambila, a ciki akwai firij ƙarami mai 12V, ƙwayayen LED guda huɗu, sai wajen cajin waya. Batirin da ke ciki AGM ne 100Ah, irin rufaffen nan da ba a ƙara masa ruwa. Mai rewaya ya jona min shi da soket ɗin nan mai baki 7 na fitilun tirela, ya ce yana caji in mota na tafiya, amma wlh ko mun wuni a hanya in muka sauka na sa mita 12.3V nake gani, kafin asuba firij ya ɗauke. Batirin ne ya mutu ko haɗin ne ba daidai ba? Kuma wani ya ce in cire shi in sa batirin inbata tubula 220Ah in huta, me kuka gani?

Mai_Rewaya_Jos:

Wslm. Oga kafin ka zargi batir duba wayar. Wayar da ke cikin soket mai baki 7 don fitilu aka yi ta, in ta yi kauri 2.5mm² ce, wasu ma ba su kai ba. To lissafa, daga batirin gaba a bi ƙarƙashin mota har bayan bodi a tsallaka kan tirela za ka ci wajen mita 9, kuma wuta zuwa take ta dawo, kenan mita 18. A irin wannan tsawon wayar 2.5 in 10A kawai ta bi ta sai ta cinye kusan 1.3V a hanya. Altaneta ya ba da 14V, abin da ya iso wajen batirinka 12.7 ne, shi kuwa AGM sai ya ga 14.4 zuwa 14.7 kafin ya cika. Shi ya sa kake wuni kana tuƙi a banza, ɗan abin da ke isowa ma firij ne ke shanyewa tunda shi ma yana kunne.

Abin da nake wa mutane shi ne a ja waya daban, jan da baƙi duka biyun, 16mm² tun daga kan batirin gaba, a ƙare ta da fulogin Anderson mai 50A a bayan mota kusa da ƙugiya. Kar ka yarda wani ya ce ai bodi ya isa negetif, ƙwallon da tirela ke maƙale da shi duk giris ne da ƙura kuma yana ta motsi, wutar za ta riƙa zuwa tana yankewa. Da 16mm² ko 30A ka ja abin da za ka rasa bai wuce 0.6V ba.

Sannan a cikin tirelar, dab da batirin, ka sa caja ta DC zuwa DC mai 20A ko 25A. Aikinta ta karɓi duk abin da ya iso, ko 12.5 ne, ta ɗaga shi zuwa abin da batirin ke so kuma ta bi matakan caji ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni irin su Redarc, Victron, CTEK, Renogy duk suna yi. Wurin da aka sa ta yana da muhimmanci sosai, na sha ganin an ɗaure ta a ƙarƙashin bonet sannan a ja doguwar waya zuwa baya, to an koma gidan jiya kenan don wutar da ta ɗaga a hanya za ta sake zubewa, ga zafin inji kuma yana sa ta rage ƙarfi.

Fiyus biyu dole, ɗaya a jikin batirin mota ɗaya a jikin na tirela, kowanne kar ya wuce taƙi ɗaya daga kan batir. Caja mai 25A fiyus 40A ake sa mata yawanci amma duba takardarta. In jan waya ta goge a jikin shasi a kan gargada babu fiyus, gobara ce, ba wasa.

Alhaji_Landkuruza:

Malam mai rewaya ka yi bayani amma ka tsorata yaro da kashe kuɗi. Motarsa 2012 ce, irin waɗannan altanetansu bai cika wayon nan na sababbi na rage ƙarfin wuta da kansa ba. Ni rile kawai na sa, irin mai jin ƙarfin wuta, in ya ga wajen 13.3V sai ya haɗa batiran biyu, in an kashe mota ta sauka wajen 12.8 ya raba su, da waya mai kauri shi kenan, kuma firij ɗina bai taɓa kwana a kashe ba. Cajar nan kuɗinta ya ninka na rile sau nawa? Ga dala yadda take.

Maganar tubula kuwa ka manta da ita ɗana. Abu ne mai ruwan asid a buɗe, nauyinsa ya haura kilo 50, don zaman ɗaki aka yi shi. Ka hau da shi hanyar Gembu asid ya fantsama ya cinye maka bodin tirela da tabarma da komai, ga iskar da yake fitarwa in yana caji mai kama wuta ce.

Mai_Rewaya_Jos:

Ranka ya daɗe Alhaji ban ƙi taka ba, amma naka batirin na biyu a ina yake? In ban manta ba hoton da ka taɓa sawa a cikin but yake, mita 3 ko 4 daga inji. Nasa a tirela yake, ninki biyu da ƙari. Da rile batirin zai yi saurin kaiwa kashi 70 ko 80 sai ya tsaya yana jan ƙafa, kuma AGM da kullum ba ya cika farantansa ke yin gishiri, a hankali 100Ah ya koma 60 mai shi bai sani ba.

Bakatsine ga gwaji mai sauƙi. Ka yi tafiyar minti 20 inji ya yi zafi, ka bar shi a kunne ka auna kan batirin gaba. In ka ga 14 ko sama kuma ya tsaya a nan, shawarar Alhaji za ta yi maka aiki daidai gwargwado in aljihu ba nauyi. In ka ga yana sauka 13.5 ko ƙasa to rile ɓata kuɗi ne. Wayar 16 da Anderson dai ko wanne ka zaɓa sai ka saye su, don haka fara da su, caja ta biyo baya.

Kuma a kula da wayar kasuwa. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare silin da wuƙa in ka ga fari a ciki ajiye musu kayansu, a hannu ma za ka ji ba ta da nauyi. Ni wayar injin walda nake saye, tana da laushi tana jure girgiza, a zura ta cikin roba a ɗaure duk bayan taƙi biyu nesa da salansa.

Hajiya_Sola:

Duk kun tsaya kan cajin tafiya, to in ya sauka ya kwana uku a wuri ɗaya fa? Firij mai kwamfuresa a zafin nan namu yana iya cin 40 zuwa 50Ah a kwana, haɗa da fitilu da wayoyi a ce 55. Shi kuma AGM rabinsa kawai ake so a taɓa, kenan 50Ah gare ka, kwana ɗaya cak ko da ya cika maƙil. Ƙanina ka nemi fanel ɗin sola 200W, kuma in za ka sayi cajar da mai rewaya ya faɗa ka ɗauki wadda take da MPPT (kwantirolar cajin sola) a ciki, fanel ɗin ya shiga ta nan kai tsaye ba sai ka sayi kwantirola daban ba, sai dai ka duba iyakar bolt ɗin da take karɓa don wasu manyan fanel na gida sun fi ƙarfinta. Ni na fi son mai naɗewa da doguwar waya, tirela na inuwa fanel na rana. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura kullum da safe, a Mambila kuma da damina hazo da gajimare za su rage maka sosai kar ka dogara da shi kaɗai.

Dan_Agadas:

Sannunku. Mu nan masu shiga duwatsun Ayar a Nijar da yawa sun koma litiyom, LiFePO4 100Ah kilo 12 ne ko 13, AGM kuwa kusan 30, kuma kana iya shan 80 zuwa 90Ah a ciki ba ya jin komai. Amma in ka koma shi rile ya fita a lissafi, don litiyom yana zaune a 13.3 ko ba a cajinsa, wasu rile ɗin sai su ɗauka mota na kunne su ƙi rabuwa, sannan in ya yi ƙasa yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa har altaneta ya yi zafi. Sai da caja mai saitin litiyom. Abu na biyu ba a cajinsa in sanyi ya kai sifili, a kan duwatsun nan namu cikin Disamba da Janairu da asuba yakan kai haka, sai a sayi wanda BMS ɗinsa, wato na'urar kariya da ke cikin batirin, ke yankewa da kansa.

Bakatsine_Hilux:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na yi gwajin yanzu, gaba 14.1 a tsaye, amma a kan batirin tirela 12.8 da firij a kunne, maganar oga mai rewaya ta fito. Tubula na fasa. Zan fara da waya da Anderson da fiyus wannan satin. Tambaya ɗaya, tsohuwar wayar caji da ke cikin soket mai baki 7 in bar ta a jone ko a cire?

Mai_Rewaya_Jos:

A cire ta daga kan batirin tirela a naɗe bakin da tef. In ka bar ta, ranar da ka sa caja wutar da ta ɗaga za ta riƙa komawa mota ta wannan siririyar wayar, kuma ko yanzu in ka kwana a jone firij zai iya shanye maka batirin tayar da mota ta nan. Shi kuma AGM ɗin kai shi gida ka sa masa cajar bango mai saitin AGM ya cika, ka cire komai ka bar shi ya kwana, da safe in ka ga 12.7 ko sama da sauransa, in ya faɗo 12.4 ka fara tara kuɗin wani.