Rigar da za ta koma tanti, wa ya taɓa gwadawa?

Tela na Nima:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 11 a kan keken ɗinki. Duk asubar da na shiga kasuwar Kantamanto a nan Ankara, babban birnin Ghana, sayen gwanjo sai na tarar da 'yan matan nan kayayo, masu dakon kaya a ka, kwance a bakin shaguna sun lulluɓa da leda, wata ma da goyo. Abin ya tsaya mini a rai. Na ga a Detroit ta Amurka wata Veronika Scott ta ƙirƙiro kwat da ake warwarewa ta zama jakar barci, a Holan ma akwai irinta mai suna Sheltersuit tun 2014. Na kwaikwaya da tsohon tampol, na kwana ciki a tsakar gidanmu. Kafin tsakar dare na jiƙe sharkaf da gumi, zif ɗin kuma ya cije a kwana na 3. Ina na kuskure?

Baba Mai Tanti:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai rigar sanyi ka ɗinka, mu kuwa a Ankara ruwa da sauro ne damuwarmu. Daina tunanin riga guda mai yin komai. Sojojin Jamus a 1931 sun fito da wani ƙyalle mai kusurwa 3, Zeltbahn. Mutum ɗaya ya zura kai ta tsagar tsakiya, ya zama rigar ruwa. Mutum 4 su haɗa nasu da maɓalli, ga tanti ya tashi. Sirrin kawai shi ne tazarar maɓallan daidai take a kowane gefe, kowanne ya shiga ɗan'uwansa. Zif kuma ka rabu da shi. Maɓalli in ya tsinke, allura da zare sun wadatar.

Hajiyar Sabon Zango:
Malam tela, sannu da ƙoƙari, amma ka tambaye su kuwa? Yaran nan ba ɗai-ɗai suke kwana ba, a tare suke cunkusuwa saboda ɓarayi da mazan banza. Abin da zai rufe mace ruf ba ta jin motsi, wallahi ba za ta shiga ba. Dabarar Baba ta fi. Ka sa gidan sauro a gefe ɗaya iska ta shiga, aljihun kuɗi da waya ya zama ta ciki, wajen ƙirji. Da rana kuma ya naɗu ya zama gammo, in ba haka ba wani kaya ka ƙara mata a kan tasa. Sannan kada ya yi kyau da yawa, za a sace.

Tela na Nima:
Hajiya kin kama ni, ban tambaye su ba. Gobe in sha Allahu zan tafi da ƙanwata, ita za su fi saki jiki da ita. Gammon nan bai taɓa zo mini a rai ba.

Baba, sanda fa? A bakin shago siminti ne, ba inda za a kafa turke.

Baba Mai Tanti:
Igiya. Ɗaura sama a ƙarfen ƙofar shagon, ka danne gefen da tasarsu. Fara yanka 4 da buhun shinkafa kafin ka ɓata tampol.