RNA ɗina yana lalacewa, aikin digirina ya tsaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a sashen nazarin ƙwayoyin halitta, kuma wata uku ke nan aikina ya tsaya cik. Ina ciro RNA (sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayar halitta) daga ƙwayoyin HeLa (ƙwayoyin kansar ɗan Adam da ake raino a ɗakin gwaji) da ruwan sinadarin TRIzol. Na'urar awo ta NanoDrop tana ba ni ma'aunin tsabta na 260/280 kusan 2.0, wato alamar yana da tsabta, amma da na zuba a gel (inda ake rarraba RNA bisa girmansa don a duba shi) sai layukan 28S da 18S, masu nuna RNA bai lalace ba, su ɓace, ya zama dogon shafe kawai. Na canza safar hannu, na sayo sabon ruwa marar RNase (sinadarin da ke lalata RNA), duk a banza.

Firizarmu ta -80°C tana hawa har -50°C in aka ɗauke wuta da dare. Wannan kaɗai zai lalata RNA ɗin, ko tankin gel ɗin ne? Malamina yana jiran sakamako. Don Allah ku taimaka min.