Jirginmu zai tsaya a Valletta: ta ina za mu bi da ƙafa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Jirgin ruwan yawon buɗe ido da za mu hau ni da mahaifiyata zai yada zango a Valletta, babban birnin Malta, daga safe zuwa la'asar. Na fi son mu zaga garin da ƙafa maimakon motar da kamfanin jirgin ke shiryawa, sai dai tsohuwa tana fama da gwiwa, shi ya sa nake neman shawararku.

Malam: Wa'alaikumus salam. Ku adana kuɗin motar, domin daga ƙofar birnin zuwa ƙarshensa a sansanin St Elmo kimanin kilomita ɗaya ne kacal. Wahalar ɗaya ce: tashar jiragen tana ƙasa, garin kuwa yana bisa tudu. Idan kun sauka, ku bi bakin ruwa har ku isa lif ɗin Barrakka, wato na'urar hawa sama mai tsawon mita 58, wanda aka buɗe a 2012, zai ajiye ku cikin lambun Upper Barrakka. Daga can ana hango tashar gaba ɗaya, kuma da ƙarfe 12 na rana ake harba igwa a ƙasan lambun, saboda haka a sanar da Mama tun da wuri kada ta razana.

Hajiya: Ɗana, ka riƙe titin Republic, wanda ya ratsa tsakiyar garin ta kan ƙoƙuwar tudun, domin titunan da ke gangarawa gefe yawancinsu matakala ne, kuma dutsen ya sha tafiya har ya yi santsi. Ka nema mata takalmi mai ƙasan roba. A kusa da titin ne majami'ar St John take, wadda daga waje ba ta da wani ado, amma cikinta zinariya ce ko'ina, daɓen kuma duk kaburburan mayaƙan St John ne, wato ƙungiyar mayaƙan Kirista da ta taɓa mulkin Malta, da aka lulluɓe da marmara mai launi-launi. Akwai zanen Caravaggio, shahararren mai zane ɗan Italiya, na 1608 a ciki. Ana biyan kuɗin shiga, ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido ranar Lahadi.

Malam: Idan lokaci ya ba da dama, ku shiga ƙaramin kwalekwale ku tsallaka zuwa Birgu, garin da ke ɗaya gefen tashar. A can mayaƙan St John suka jure kewayen da rundunar Daular Usmaniyya ta yi musu a 1565, kuma bayan wannan yaƙin ne shugabansu Jean de Valette ya aza harsashin Valletta a 1566.

Hajiya: Malam, a gafarce ni, amma ban goyi bayan wannan ba. Kwalekwalen yana tangaɗi lokacin shiga da fita, mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗinsa ba. Tarihin wannan yaƙin yana nan a St Elmo ma, inda gidan adana kayan tarihin yaƙi yake.

Alhaji: Ni batun salla da abinci zan taɓa. Babban masallacin ƙasar yana Paola, wajen birnin, sai an hau mota, don haka ya fi sauƙi ku yi sallarku ta matafiya a cikin jirgi. Ku ɗanɗana pastizzi, wato ƙullin fulawa mai ƙamas-ƙamas da ake cusa wa cuku ko wake, amma ku tambayi irin man da aka yi shi da shi. Mutanen Malta suna jin Turanci, kuɗinsu kuma yuro ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shin za mu iya haɗawa da Mdina, tsohon babban birnin ƙasar?

Alhaji: Ban ba ka shawara ba, domin sai kun hau bas ku je ku dawo, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawo don kansa. Ka rubuta lokacin da aka ce kowa ya koma ciki, ku kama hanyar lif da sauran awa guda, saboda layi kan yi tsawo da yamma.